BAYAN SHANYEWAR ƁARIN JIKI: WA YA SAN ABIN DA SANDA TAKE YI A GIDA?

Wanda ya saba zagaya ƙauyukan gundumar Tasawa da ta Mayahi, daga Maijirgi zuwa Urafan, ko daga Kanambakashe zuwa garuruwan bakin Gulbin Kaba, ya san irin wannan zama: magidanci bisa tabarma a gindin darni, hannu ɗaya lanƙwashe bisa cinya, ƙafa ɗaya miƙe kamar ba tasa ba, ga sanda jingine kusa da shi. Daminar da ta wuce shi ne a gaban ƴaƴansa wajen shuka da noma. Wata safiya ya tashi zai yi alwala, buta ta kuɓuce masa, baki ya karkace, magana ta sarƙe. Aka ɗora shi bisa amalanke zuwa gidan likita, aka auna aka tarar jininsa ya hau, aka yi masa abin da ya sawwaƙa, bayan ƴan kwanaki aka sallame shi. Ranar sallama majo ya gargaɗe shi da ya riƙa tashi yana takawa da sanda kullum, safe da marece, ya komo bayan wata guda.

Wata ya cika, sai ga shi ɗansa na riƙe da shi. Tambayar da akan yi ɗaya ce, amsar ma kusan ɗaya ce ko'ina.

"Baba, ana dai takawa da sandar ko?"

"Ana taɓawa, likita. Da godiya."

Ɗan kuwa sai ya sunkuyar da kai, domin ba a ƙaryata mahaifi gaban jama'a. Majo ya rubuta, ya sabunta magani, ya kira na gaba. To, "ana taɓawa" tana iya nufin zuwa masallaci sau biyar a yini, tana kuma iya nufin taku goma daga ɗaki zuwa inuwa, sa'an nan a zauna har faɗuwar rana. Likita ya ga mara lafiya minti goma cikin kwana talatin. Sauran kwanakin, waɗanda cikinsu ne ƙafa take farfaɗowa ko ta ƙarasa sandarewa, suna cikin duhu. Wannan duhun ne masana kiwon lafiya na ƙasashe da dama suke neman haskakawa da waɗansu ƴan na'urori da ake ɗaura wa mutum a jiki, ko a liƙa wa sandarsa.

CIWON DA ABIN DA KE KAWO SHI

Mutane da yawa suna haɗa wannan ciwo da shan inna, waɗansu kuma su ce iska ce ta buge mutum. Shan inna ƙwayar cuta ke kawo shi, yara yake kamawa galibi, kuma allurar rigakafi na tare shi. Shanyewar ɓarin jiki kuwa daga ƙwaƙwalwa take. Ko dai gudan jini ya toshe wata jijiya, wani yanki na ƙwaƙwalwa ya rasa abincinsa, ko kuwa jijiyar ta fashe jini ya kwarara ciki. Da yake ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi ke mulkin hagun jiki, na hagu kuma shi ke mulkin dama, sai illar ta bayyana a ɗaya gefen. Wato hannu da ƙafar da ake ta shafa wa magani, ana kafa musu ƙaho, lafiyarsu lau tun farko. Umarni ne ya daina iso musu daga sama.

A shekarar 2019 an ƙiyasta mutum sama da miliyan 12 ne ciwon ya kama a duniya cikin shekara guda, fiye da miliyan 6 kuma suka rasu ta dalilinsa. Amma binciken da ya fi kusa da mutanen Tasawa da Mayahi shi ne wanda ake kira SIREN, wanda aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da na Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na jami'ar Ibadan. An bayyana sakamakonsa a 2018, bayan an gwama masu ciwon 2,118 da masu lafiya 2,118. An tarar hawan jini, wanda ake kira tansiyo, yana da hannu cikin wajen kashi 90 cikin 100 na ciwon. Kusan ɗaya cikin uku fashewar jijiya ce, abin da ya ɗara na Turai nesa ba kusa ba. Kusan ɗaya cikin huɗu na marasa lafiyar bai kai shekara 50 ba, wato masu ciyar da gida ne. An kuma lura cewa ƙara gishiri a abinci na ƙara haɗarin, yawan cin ganye kuwa na rage shi.

Akwai allurar da ke narkar da gudan jini, amma sai an yi ta cikin awa huɗu da rabi, bayan an ɗauki hoton kai da sikaner an tabbatar ba fashewa ba ce. Irin wannan hoto sai manyan asibitoci kamar na Maraɗi, Damagaram da Yamai. Daga Tasawa zuwa Maraɗi wajen kilomita 120 ne, daga Mayahi wajen 90, ban da hanyar rairayi da mutumin ƙauye zai ratsa kafin ya iso kwalta. Ƙidayar 2012 ta nuna kowace daga gundumomin nan biyu tana da mutum fiye da 500,000, likitocin motsa gaɓoɓi kuwa, waɗanda ma'aikatan asibiti ke kira kine, kaɗan ne a ƙasar, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Saboda haka jinyar mafi yawan mutane a tsakar gida ake yin ta, kayan aikinta kuwa sanda ce da kafaɗar ɗa ko jika.

SANDA BA ƊAYA BA CE

Ƙwaƙwalwa tana da baiwar sake koyo. Yankunan da suka tsira sukan ɗauki wani abu daga aikin wanda ya mutu, in dai ana maimaita motsin sau da yawa. Wannan farfaɗowa ta fi sauri cikin wata uku na farko, ta ci gaba a hankali zuwa wata shida da bayansa. Ba a son gaggawa ranar farko: wani babban gwaji mai suna AVERT, da aka yi kan mutum 2,104 aka bayyana a 2015, ya nuna cewa tsananta tayar da mara lafiya tun cikin awa 24 na farko ba ya haifar da alheri. Amma in wannan ta wuce, likita kuma ya ba da izini, kwanciya ita ce abokiyar gaba.

A nan sanda take shigowa, kuma kuskure iri biyu ake yi da ita. Wani yakan yar da ita tun lokaci bai yi ba. A ƙasar Hausa sanda girma ce a hannun tsoho, da liman bisa mumbari, da makiyayi a bayan garkensa. Amma ga ɗan shekara arba'in da biyar da ke fatan komawa kasuwa, shela ce cewa ya nakasa. Sai ya bar ta a ɗaki, ya fita yana tangaɗi. A garin Biradfod na Ingila an bi sawun waɗanda aka sallama daga asibiti bayan wannan ciwo, aka bayyana a 1995 cewa kashi 73 cikin 100 sun faɗi aƙalla sau ɗaya cikin wata shida. Ƙashin gefen da ya shanye yakan yi rauni, a wannan gefen ne kuma aka fi faɗuwa, in ƙugu ya karye kuwa an koma tabarma, wani ma ba ya sake tashi.

Wani kuma yakan rungumi sandar fiye da kima. Ya zuba mata nauyinsa duka, ita da ƙafa mai lafiya su yi ta aiki, mara lafiyar ana jan ta kawai. Ƙafar da ba a ɗora wa kaya ba ba ta koyon ɗauka. Bayan ƴan watanni kafaɗa da wuyan hannun gefe mai lafiya su ma su fara ciwo.

Waɗannan mutum biyu, in aka tambaye su, amsa ɗaya za su bayar: ana taɓawa.

YADDA NA'URAR TAKE AIKI

Duk wanda ya riƙe babbar salula ya ga yadda hoto ke juyawa in an karkata ta. Abin da ke sanar da ita an karkata ta wani ɗan ma'aunin motsi ne da bai kai ƙwayar wake ba. Shi ne zuciyar waɗannan na'urori. Yana jin girgiza ta fuska uku, gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa, yana rubutawa sau gommai cikin daƙiƙa guda. Akan haɗa shi da wani ma'aunin da ke jin juyawa, a sa su cikin ɗan kwanso kamar gidan ashana, tare da batir da ma'ajiyar labari. Akwai mai suna StepWatch da ake ɗaurawa a idon sawu, akwai activPAL da ake liƙawa a cinya, wanda ke bambanta zama da tsayuwa da tafiya, akwai kuma irin su Fitbit da ake sayarwa a kasuwa, waɗanda galibi ake ɗaurawa kamar agogo. Kowane taku yana da irin girgizarsa: dunduniya ta sauka, ƙafa ta ɗaga, ta yi lilo, ta sake sauka. Kwamfuta ko salula takan karanta wannan, ta ce taku kaza aka yi, da ƙarfe kaza, cikin minti kaza.

Ita kuma sanda akan sa mata nata ma'aunin motsi, a ƙara mata ma'aunin nauyi a mariƙi ko a gindi, mai aiki kamar sikelin ƴan awon gyaɗa. Masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas sun ƙera irin wannan sanda tun wajen 2008. In aka jera labarin ƙafa da na sanda bisa agogo ɗaya, sai abin da ke ɓoye ya fito fili. Ƙafa na motsi sanda na kwance: ya yi tafiya ba sanda. Duka biyu na motsi amma sikeli bai ji kome ba: yana ɗauke da ita ne kurum, ko don idon likita, ko don ta ba shi ƙwarin zuciya. Sikeli na nuna nauyi mai yawa a kowane taku: ya mayar da sanda ƙafa ta uku. A Koriya ta Kudu an gwada wata sanda a 2015 wadda ke yin ƙara da zarar mutum ya danna ta fiye da iyakar da likita ya sa, domin ta tuna masa ya mayar da nauyin bisa ƙafarsa. Gwajin ƙarami ne, amma ya nuna alamar amfani. Irin waɗannan sanduna har yanzu yawancinsu kayan ɗakunan bincike ne. Maƙidayan taku su ne suka bazu.

ABIN DA AWO YA TONA

Abu na farko da awo ya nuna bai yi wa asibitoci daɗi ba. Tun kafin na'urorin su yawaita, a 2004, Malama Julie Bernhardt da abokan aikinta sun zauna a ɗakunan jinya na birnin Melbon a Ostareliya, suna leƙa marasa lafiya kowane minti goma daga safe zuwa la'asar. Suka tarar fiye da rabin yini a gado suke, kuma wajen kashi 60 cikin 100 na lokacin su kaɗai ne ba kowa tare da su. Da aka tattara awon na'urori daga ƙasashe daban-daban a 2017, sai aka ga wanda ya daɗe da ciwon yana yin taku wajen 4,000 a yini, tsararsa mai lafiya kuwa wajen 8,000. An kuma sha ganin mutumin da ya ƙara ƙwazo a gaban likita, amma a gida tafiyarsa ba ta ƙaru ba. Abin da mutum yake iyawa daban, abin da yake yi daban.

Sai tambaya ta biyu, wadda ita ce ta fi shafar masu riƙe da kuɗin hukuma: in aka auna aka gaya wa mutum, yana ƙara tafiya? Gwaji uku sun ba da amsa, kuma ya kamata a dube su tare.

Na farko, mai suna SIRROWS, Dokta Bruce Dobkin na Los Anjalas ya jagorance shi, aka bayyana a 2010, kan mutum 179 a ƙasashe 8. Babu wata na'ura cikinsa sai agogo. Kullum akan sa mara lafiya ya taka mita 10. Rabin mutanen akan gaya musu daƙiƙa nawa suka yi, a yaba musu, a ce gobe a ƙara himma, ɗaya rabin ba a gaya musu kome. Ranar sallama waɗanda ake gaya wa suna cinye mita 10 cikin wajen daƙiƙa 11, sauran kuwa wajen 14.

Na biyu, SIRRACT, shi ma Dobkin ne da mutanensa, a 2015, kan mutum 135 a asibitoci 16 na ƙasashe 11, cikinsu har da Ibadan. A nan an ɗaura wa kowa na'ura a idon sawu, aka riƙa nuna wa rabinsu cikakken lissafin tafiyarsu. Ƙarin lissafin bai sa sun fi sauran tafiya ba. Abin da na'urar ta fallasa shi ne, a asibitocin da aka gina musamman domin koyar da tafiya, mara lafiya wajen rubu'in awa kaɗai yake takawa a yini.

Na uku, PROWALKS, an yi shi a Amurka ƙarƙashin Malama Darcy Reisman ta jami'ar Delawaya, aka bayyana a 2024, kan mutum 250 da suka wuce wata shida da ciwon. Waɗansu an ba su horon tafiya mai tsanani kaɗai. Waɗansu an ba su maƙidayin taku, kuma wani ma'aikaci yana zama da su a kai a kai tsawon mako 12, su duba lissafin tare, su tattauna abin da ya hana fita jiya, su yanke adadin da za a nema gobe. Masu horo kaɗai sun ƙara ƙarfi, amma takunsu na yau da kullum bai ƙaru sosai ba. Masu maƙidayi da abokin shawara sun ƙara fiye da taku 1,000 a yini.

Mai karatu ya lura da inda amfanin ya tsaya. Inda lamba ta zo ta bakin mutum, da yabo da shawara, ta yi aiki, ko da agogo kaɗai aka auna ta. Inda aka miƙa lissafi alhali tsarin yinin bai sauya ba, ba ta yi ba. Na'urar shaida ce mai gaskiya, amma shaida ba ta yanke hukunci.

IN AKA KAWO TA RAIRAYIN MAYAHI

An koya wa waɗannan na'urori ƙidaya ne bisa daɓen asibiti, a jikin mutanen da ke zama bisa kujera suna kwana bisa gado. Ko a can an san rauninsu: wadda aka ɗaura a ƙugu ko a wuyan hannu takan tsallake taku da yawa in mutum yana tafiya a hankali yana jan ƙafa, hannun da ke dafe da keken koyon tafiya kuwa ba ya lilo, sai na'urar ta ɗauka mutum a tsaye yake. Ta idon sawu ta fi su gaskiya. To ina ga tudun rairayi, inda dunduniya ke nutsewa ba tare da wata girgiza ba? Ina ga wanda aka ɗauko bisa kabu-kabu ko amalanke, jijjigar hanya tana ƙara masa takun da bai yi ba? Tashi daga tabarma, da tsugunno a bayan gida, da ruku'u da sujada, su ne manyan jarrabawar mai wannan ciwo a ƙauye, kuma ba domin su aka tsara lissafin ba.

Sha'anin mata ya fi wuya. Mace ba ta cika riƙon sanda ba sai ta tsufa tukuf. Takan dafa bango, ta dafa turmi, ta dafa kan jikanya, tafiyarta duka gajeru ce tsakanin ɗaki da murhu da randa. Na'urar da ke jikin sanda za ta ce ba ta motsa ba, ta wuyan hannu kuwa, in ta zauna tana tankaɗe da hannu mai lafiya, ta rubuta mata tafiyar da ba ta yi ba.

Ɗaura abu a jiki ba baƙon al'amari ba ne ga mutanen da suka san laya da kambu. Sai dai alwala sau biyar na nufin kwance abin idon sawu sau biyar, da mai hannu ɗaya, kuma wanda aka kwance da asuba ba lalle a mayar da shi ba. Ga zafin bazara da ƙurar hunturu, ga cajin batir a ƙasar da wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki, na karkara ma ƙasa da haka. Akwai kuma batun sirri. Abin da ya san sa'ar da mutum ya tashi da dare, da sau nawa ya zaga, ya san abin da ko maƙwabci bai sani ba. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane tun 2017, saboda haka duk mai son gwada irin wannan aiki wajibi ne ya bayyana wa mara lafiya da Hausa wa zai ga lissafin, ya kuma karɓi yardarsa.

Kafin duk wannan akwai maganar sandar kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta jera kayan taimako 50 a 2016 waɗanda ta ce ya kamata kowace ƙasa ta wadata mutanenta da su, sanda da keken koyon tafiya na ciki. A 2022 ita da UNICEF suka bayyana cewa mutum miliyan 2,500 ke bukatar irin waɗannan kaya a duniya, kuma a waɗansu ƙasashe matalauta kashi 3 cikin 100 kaɗai ke samu. Wanda aka samu ma ba kullum yake dacewa da wuri ba. Keke mai ƙananan tayoyi ba ya gungurawa cikin rairayi. Sanda mai ƙafa huɗu tana son daɓe mai laushi ɗaya, a ƙasa mai tudu da kwari sai ta yi ta rawa. Sandunan hammata na masu karaya hannu biyu suke bukata, shi kuwa ɗaya gare shi. Liƙa na'ura mai tsada a jikin sandar da ta fi mai ita tsawo ɓarnar dukiya ce. In wata rana hukuma ko wata ƙungiya ta yi niyyar sayen maƙidayan taku, aikin farko shi ne a miƙa kaɗan ga malamai da ɗaliban likitanci na jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo ta Maraɗi, su ɗaura wa masu ciwon a Tasawa da Mayahi, su ƙidaya da ido su gwama da abin da na'urar ta ce, kafin a sa hannu a takardar ciniki.

IGIYA, AGOGO DA LITTAFI

Abin da gwaje-gwajen nan suka koyar ba ya jiran jirgin kaya. Jihar Maraɗi na cikin wuraren da aka fara horar da ƴan agajin ƙauye da ungozomomi tun shekarun 1960, ana ba su akwatin magani da littafin rubuta aiki. Yau akwai wakilan lafiya na ƙauye, akwai ƙananan gidajen likita da CSI, akwai kuma dubban maza da mata da suka fito daga ajin yaƙi da jahilci suna iya ja layi su rubuta lamba. Duk ɗayansu zai iya zama wa maƙwabcinsa abin da ma'aikacin Delawaya ya zama wa nasa mutane.

A fara da sandar. A sa mara lafiya ya tsaya da takalmin da ya saba sawa, hannu mai lafiya a sake. Inda wuyan hannu ya tsaya, nan ne tsawonta, yadda in ya riƙe gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwasa. Kafinta ko mai walda na iya yi mata mariƙi, a yanko robar tsohuwar taya mai ɗan faɗi a sa mata a gindi kamar tafin raƙumi, kada ta nutse. A hannu mai lafiya ake riƙe ta, ta tafi gaba tare da ƙafar da ta shanye, sa'an nan mai lafiyar ta biyo. Mai rakiya ya tsaya a gefen da ya shanye, ɗan baya kaɗan, ya riƙe ƙugu. Kada a ja mutum ta shanyayyen hannu, domin kafaɗar sake take, tana iya gocewa.

Sa'an nan a auna igiya mita 10 a shimfiɗa a fili mai kyau. Sau ɗaya a mako a sa shi ya taka daga wannan baki zuwa wancan, a duba agogon salula, a rubuta, a gaya masa. Likitoci suna da ma'auni da Dokta Jacquelin Perry ta Amurka ta fitar a 1995: wanda ya haura daƙiƙa 25 tafiyarsa ta cikin gida ce tukuna, tsakanin 25 da 12 da rabi yana iya fita unguwa da taka-tsantsan, wanda ya yi ƙasa da haka ya kama hanyar kasuwa. Mutumin da ya ji da kunnensa cewa makon jiya 30 ya yi, yau 27, ya samu abin da zai gaya wa masu zuwa gaisuwa.

A littafi kuma a raba yini bisa salloli biyar, tunda su ne agogon da ba a mantawa. Gaban kowace a rubuta inda ya je, a sa alama ko da sanda ne, ko da dafa mutum, ko shi kaɗai. In ya faɗi a rubuta wurin da sa'ar. Taku nawa ne daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa masallaci, sau ɗaya ake ƙidaya su, sauran lissafi ne. Gidan da babu mai rubutu a jefa tsakuwa cikin ƙwarya duk fita ɗaya. A shafi na ƙarshe a riƙa sa awon jini da ranar da magani zai ƙare, domin wanda ciwon ya taɓa kamawa yana cikin haɗarin ya sake dawo masa in aka bar shan maganin hawan jini. Wannan littafi ne ɗa zai miƙa wa majo ranar komawa, ba tare da ya ƙaryata mahaifinsa ba.

Ma'aikacin lafiya mai lura yana da wasu shaidu biyu da ba su bukatar batir. Ya karɓi sandar ya juya ta: wadda ake aiki da ita mariƙinta ya yi duhu da santsi, robar gindinta ta cinye ta gefe ɗaya, wadda ke kwana a jingine sabuwa take fil bayan wata uku. In kuma ya kai ziyara gida, ya sa a share tsakar gida, mara lafiya ya ratsa sau ɗaya. Rairayin da ke hana keke tafiya yana riƙe sawu. Ramin sanda mai zurfi yana nuna nauyin da ake zuba mata, dogon layi a gefe ɗaya yana nuna yatsun da ke jan ƙasa, tazarar sawu da sawu kuwa ana iya auna ta da taƙi a rubuta, a sake aunawa ranar kasuwa mai zuwa.